Wa ke sa wa 'yan sanda ido? Tambayoyi da amsoshi kan kuɗinsu, albashinsu, halayyarsu da ƙabilun da ke cikinsu

A duk ma'aikatan gwamnati, ɗan sanda ne doka ta ba ikon ya tsayar da kai a hanya, ya caje ka, ya kulle ka a ɗaki, idan ta kama ma ya harba bindiga. Malamin makaranta ba shi da wannan iko, mai karɓar haraji ma haka. Shi ya sa kowace ƙasa ke fama da tambaya guda: ta yaya za a riƙe linzamin mai irin wannan ƙarfi, ba tare da mai riƙe linzamin ya mayar da shi karen farautarsa ba? Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin jama'a a kan batun.

Me ake nufi da sa ido a kan 'yan sanda, kuma aikin wa ne?

Ba aikin ofishi ɗaya ba ne. Majalisar dokoki ce ke amincewa da kasafin kuɗi, tana kuma da ikon kiran shugaban rundunar ya zo ya yi bayani. Minista ko ma'aikatar da 'yan sanda ke ƙarƙashinta tana tsara manufa. Babban mai binciken kuɗi na ƙasa yana bin sawun abin da aka kashe. Kotu tana duba ko kamu da tsarewa sun bi doka. Sannan a ƙasashe da yawa akwai hukuma ta musamman mai karɓar koken jama'a, wani lokacin da wata daban mai kula da ɗaukar aiki, ƙarin girma da ladabtarwa.

An rarraba aikin ne da gangan. Idan hannu ɗaya ne ke ba da kuɗi, ya naɗa shugaba, ya yi ƙarin girma, ya kuma binciki laifi, to rundunar ta zama tasa.

To me zai hana shugaban ƙasa ko minista ya riƙa ba su umarni kai tsaye? Ai shi aka zaɓa.

Yana iya cewa a bana a mayar da hankali kan fashi da makami, ko a rage kashe kuɗi a kan motoci. Abin da bai kamata ya ce ba shi ne "a kama wane" ko "a rufe binciken wane". A Ingila wannan iyaka ta samu gindin zama a wata shari'a ta 1968, inda alƙali Lord Denning ya bayyana cewa wajen aiwatar da doka, kwamishinan 'yan sandan Landan ba yaron kowane minista ba ne, doka kaɗai yake yi wa biyayya.

Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi, domin ba sai an ba da umarni ba ake juya ɗan sanda. Barazanar canja masa wurin aiki ta isa. Wannan ne ya kai wani tsohon shugaban 'yan sandan jihar Uttar Pradesh ta Indiya, Prakash Singh, kotu a 1996. Bayan shekara 10, a 2006, Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarni guda 7, ciki har da cewa shugaban 'yan sandan jiha ya yi aƙalla shekara 2 a kan kujerarsa, kuma a kafa hukumomin karɓar koke. Jihohi da dama sun yi ta jan ƙafa wajen bi. A Najeriya, sashe na 215 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ba Sufeto Janar umarnin da bai saɓa wa doka ba, amma kwamishinan jiha yana iya neman a miƙa umarnin gwamna ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Daga nan ne gwamnoni ke samun abin cewa, wai sunan shugaban tsaro kawai gare su.

Daga ina kuɗin 'yan sanda ke fitowa?

Ya danganta da yadda aka gina rundunar. Najeriya runduna ɗaya gare ta, kamar yadda sashe na 214 ya tanada, don haka albashi da kasafi daga gwamnatin tarayya suke, ko da yake jihohi kan saya musu motoci, man fetur da na'urorin sadarwa. Amurka kuwa tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, galibinsu birane da ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar nauyinsu. Ingila da Wales suna tsakiya: runduna 43, kowacce tana samun tallafi daga gwamnatin tsakiya, tana kuma samun wani kaso daga harajin gidaje na yankinta. Tun daga Nuwamban 2012 mafi yawan yankunan suna zaɓen kwamishina farar hula wanda ke tsara kasafin, ya kuma naɗa babban jami'in rundunar.

Kowane tsari da inda yake yoyo. Idan kuɗi daga tsakiya suke, sai ka ga ba sa isa caji ofis na ƙauye, sun ƙare a hanya. Idan daga harajin yanki suke, unguwar masu hali ta samu 'yan sanda masu kayan aiki, ta talakawa, inda aka fi buƙatarsu, ta tashi da ragowa.

Akwai wata tsohuwar dabara da a ganina har yau ba a samu wadda ta fi ta ba. A 1856 Birtaniya ta yi dokar da ta tilasta wa kowane yanki a Ingila da Wales kafa 'yan sanda, ta kuma naɗa sufetoci masu zagayawa. Duk rundunar da sufeto ya shaida cewa aikinta na tafiya daidai, baitulmali zai biya rubu'in kuɗin albashinta da kakinta. Wadda ta faɗi, ba ta samun ko sisi. A 1874 aka ɗaga kason zuwa rabi. Wato tun farko aka ɗaure bincike da aljihu. Rahoton da ba ya iya tsayar da kuɗi, karanta shi ma sai an ga dama.

Ina aibu idan 'yan sanda suka nemo wa kansu ko wa gwamnati kuɗi, ta hanyar tara ko gudummawa?

Garin Ferguson da ke jihar Missouri a Amurka ya amsa wannan. Bayan wani ɗan sanda ya harbe matashi baƙar fata Michael Brown a Agustan 2014, ma'aikatar shari'a ta tarayya ta binciki rundunar garin. Rahotonta na Maris 2015 ya nuna cewa hukumar garin ta mayar da 'yan sanda da kotu hanyar samun kuɗin shiga, har tana sa ran kusan rubu'in kasafinta na wannan shekara ya fito daga tara. Ana matsa wa jami'ai su yawaita rubuta takardar tara, nauyin kuma ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata. Ɗan sandan da aka ɗora wa nemo kuɗi, duk wanda ya gani a titi riba yake gani.

Gudummawar attajirai da kamfanoni ma haka take, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa wasu wurare suka gwammace a zuba irin wannan kuɗi a asusu mai dokarsa da masu kula da shi. Jihar Legas ta kafa asusun tallafa wa tsaro a 2007. A 2019 gwamnatin tarayyar Najeriya ta kafa asusun tallafa wa 'yan sanda, wanda dokarsa ta ce a riƙa zuba masa kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin da ke shiga asusun tarayya. Jihar Ribas ta kai ƙara, kuma a 2022 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce cire kuɗin kai tsaye daga asusun da matakan gwamnati uku ke rabawa ya saɓa wa tsarin mulki.

Wa ke duba yadda aka kashe kuɗin?

Babban mai binciken kuɗi, sai kwamitin majalisa da ke karɓar rahotonsa. Kuma ba kuɗi kaɗai yake ƙirgawa ba, har da kaya. Rahoton babban mai binciken kuɗi na Najeriya na shekarar 2019 ya ce akwai bindigogi ƙirar AK-47 sama da 88,000 da rundunar 'yan sanda ba ta iya nuna inda suke ba. Cikas ɗin wannan hanya shi ne jinkiri. Kafin rahoto ya fito shekaru sun wuce, mai laifin ya yi ritaya ko an yi masa ƙarin girma, sai ya zama ihu bayan hari. Wani cikas ɗin kuma kalmar "sirrin tsaro", wadda ake lulluɓe har kuɗin tayar mota da ita.

Wa ke yanka albashin ɗan sanda, kuma me ya sa ba a barinsu su yi yajin aiki?

Gwamnati ce ke yankawa, kuma a ƙasashe da yawa doka ta hana ɗan sanda yajin aiki. Tarihin hanin yana da ban sha'awa. A Agustan 1918, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'yan sandan Landan suka ajiye aiki saboda albashi, gwamnatin Lloyd George ta biya musu buƙata cikin gaggawa. Da ta farfaɗo, sai ta yi dokar 1919 wadda ta haramta musu yajin aiki da shiga ƙungiyar ƙwadago, ta kafa musu ƙungiya tasu ta cikin gida. Waɗanda suka sake yajin aiki a wannan shekara, musamman a Liverpool, duk an kore su. A Satumban 1919 'yan sandan Boston a Amurka sama da 1,000 suka yi nasu, aka sallame su aka ɗauki sababbi. A Najeriya ƙananan jami'ai sun yi yajin aiki a farkon 2002 kan bashin alawus da rashin ƙarin girma.

Amma hanin yana ɗora wa gwamnati bashi. Idan ka ƙwace wa ma'aikaci makaminsa ɗaya tilo, dole ka samar masa wata ƙofar da zai kai kuka. Ingila da Wales sun kafa kwamiti mai zaman kansa a 2014 wanda ke sauraron kowane ɓangare ya ba da shawarar ƙarin albashi duk shekara. Sai dai shawara ce kawai, minista ke da ta cewa. Da gwamnati ta dakatar da ƙarin albashi ga mafi yawansu a 2021, ƙungiyar 'yan sandan ta fice daga tsarin cikin fushi.

Sannan albashi ba shi ne kawai lambar da ke kan takarda ba. Akwai ko ana biya a kan kari, ko barikin yana zaunuwa, ko akwai inshora ga iyalin wanda aka kashe a bakin aiki, da kuma fansho. Kurtun da ke ganin tsohon saje yana layin neman haƙƙinsa shekara da shekaru bayan ritaya, ya riga ya koyi darasin da ba a koyarwa a kwaleji.

Ƙarin albashi yana hana cin hanci?

Shi kaɗai, a'a. Rashinsa kuwa yana sa duk wani wa'azi ya zama wasa. Ɗan sandan da ke sayen kakinsa da man motar sintiri daga aljihunsa, a jikin jama'a zai fanshe. Amma idan na shingen hanya yana da kason da yake kai wa na sama da shi, na saman ma yana kai wa na samansa, ko an ninka albashi kason nan yana nan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wuraren da aka ga canji sun haɗa zuma da bulala. A ƙasar Jojiya, bayan Mikheil Saakashvili ya hau mulki a 2004, an sallami dubban 'yan sandan hanya kusan lokaci guda, aka ɗauki sababbi da albashin da ya ninka na da, aka mayar da biyan tara ta banki, kuma wanda aka kama da cin hanci ya tafi gidan yari. Karɓar na goro a titi ya ragu ƙwarai, ko da yake an ci gaba da zargin gwamnatin da amfani da jami'an tsaro a kan 'yan adawa, abin da ke nuna tsabtar hannu daban, 'yanci daga 'yan siyasa daban. A Hong Kong, tserewar wani babban jami'i mai suna Peter Godber a 1973 alhali ana bincikensa ita ta jawo kafa hukumar yaƙi da cin hanci a 1974, wadda ba ta ƙarƙashin 'yan sanda. Ta matsa musu har a 1977 wasunsu suka far wa ofishinta, gwamna ya yi afuwa ga yawancin tsofaffin laifuffuka. Afuwar ta yi ɗaci, amma hukumar ta rayu.

Idan ɗan sanda ya zalunci mutum, wa ke bincike?

A mafi yawan ƙasashe, ƙananan ƙorafe-ƙorafe rundunar da kanta ke dubawa, kuma babu makawa sai da haka, domin babu hukumar waje da za ta iya ɗaukar kowane koke na tsawa ko wulaƙanci. Gardamar tana kan manyan laifuffuka: mutuwa a hannun 'yan sanda, harbi, azabtarwa, fyaɗe. Barin abokan aiki su binciki irin waɗannan, ba wa kura ajiyar nama ne.

Don haka aka kafa hukumomin waje. Afirka ta Kudu tana da hukumar binciken 'yan sanda mai suna IPID tun 2012, wadda doka ta wajabta mata binciken duk mutuwar da ta faru a tsare ko ta dalilin aikin ɗan sanda. Kenya ta kafa tata mai suna IPOA da dokar 2011, bayan rikicin zaɓen 2007 da aka zargi 'yan sanda da kashe mutane da yawa. Ireland ta Arewa ta fi kowa nisa: tun 2000 duk koken jama'a a kan ɗan sanda ofishi mai zaman kansa yake zuwa. A Amurka, wata dokar 1994 ta ba ma'aikatar shari'a ikon binciken runduna sukutum idan zaluncin ya zama ɗabi'a, sannan a ƙulla yarjejeniyar gyara a ƙarƙashin idon alƙali. Birnin Pittsburgh aka fara yi wa haka a 1997. A Najeriya Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ce ke da ikon ɗauka, ƙarin girma da korar kowa ban da Sufeto Janar.

In haka ne, me ya sa har yanzu ake kuka?

Domin kafa hukuma ba wuya. Abin dubawa shi ne wa ke naɗa shugabanta, wa ke iya cire shi, daga ina kuɗinta ke zuwa, kuma ko tana da masu bincike nata da ikon ƙwato takardu da shiga ɗakin tsarewa ba tare da neman izini ba. A Afirka ta Kudu sai da Kotun Tsarin Mulki ta yanke a 2016 cewa ministan 'yan sanda ba shi da hurumin dakatar da shugaban IPID shi kaɗai. A Najeriya an sha ɗora tsofaffin Sufetoci Janar a kan shugabancin hukumar da ke sa wa rundunar ido, irin su Mike Okiro, Musiliu Smith da Solomon Arase. Masu goyon baya na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, masu suka na cewa ai shi ya sa ya san inda zai rufe. Duk da haka hukumar da rundunar sun yi shekaru suna shari'a kan wa ke da ikon ɗaukar kurata, har Kotun Ƙoli ta ba hukumar gaskiya a 2023.

Akwai kuma rashin haɗa ƙananan alamu. Derek Chauvin, ɗan sandan Amurka da ya danne wuyan George Floyd har ya mutu a Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020, an kai ƙorafi a kansa fiye da sau 15 kafin ranar. Ɗan sandan Landan da ya sace ya kashe Sarah Everard a Maris 2021, an riga an kai rahotannin rashin ɗa'a da suka shafe shi, ba a bi su yadda ya kamata ba. Sashen SARS mai yaƙi da 'yan fashi a Najeriya an yi ta alƙawarin gyara shi shekara bayan shekara kafin zanga-zangar Oktoban 2020 ta sa a rushe shi.

Ko an kai ga kotu, sai mai haƙuri. An kashe lauya Willie Kimani da mutum biyu a Kenya a 2016, ba a samu 'yan sandan da laifi ba sai 2022. Matasa shida da aka kashe a Apo, Abuja, a 2005, hukunci bai zo ba sai 2017.

Wa ke biyan diyya idan kotu ta ce an yi zalunci?

Kusan kullum baitulmali, wato masu biyan haraji. Birnin Minneapolis ya biya iyalan Floyd dala miliyan 27. Idan kuɗin ba daga kasafin rundunar suka fita ba, ba ta jin zafin da zai sa ta gyara.

Kyamarar da ake maƙala wa jami'ai a ƙirji fa?

Tana taimakawa wajen shaida. Batun canja hali kuwa, gwaje-gwaje sun saɓa: wanda aka yi a Rialto ta jihar Kalifoniya ya nuna raguwar amfani da ƙarfi, babban gwajin birnin Washington da aka fitar a 2017 bai ga wani bambancin kirki ba. Ya danganta da wa ke kunna ta, da wa ke riƙe da hoton.

Ina ruwan gwamnati da ƙabila ko launin fatar ɗan sanda? Ba cancanta ake nema ba?

Aikin ɗan sanda da bayanin jama'a yake tafiya. Sai wani ya kawo rahoto, wani ya yarda ya tsaya shaida, wata ta iya faɗin abin da aka yi mata da harshen da take ji. Al'ummar da ke kallon runduna a matsayin ta wasu, shiru za ta yi mata. Turawan mulkin mallaka sun san wannan, sai dai sun juya shi: sukan ɗebi 'yan wata ƙabila su kai su gadin wata, don kada tausayi ya shiga tsakani. A Ferguson, inda kashi biyu cikin uku na mazauna baƙaƙe ne, baƙaƙen 'yan sanda ba su wuce 4 ba cikin jami'ai sama da 50.

A Birtaniya, kisan matashi baƙar fata Stephen Lawrence a Landan a Afrilun 1993 da sakacin da aka yi wajen binciken kisan, su suka kai ga rahoton tsohon alƙali Macpherson na 1999, mai shawarwari 70, wanda ya ce wariyar launin fata ta shiga cikin tsarin rundunar kanta, ba halin ɗaiɗaikun jami'ai kaɗai ba ne. Najeriya kuwa ta rubuta tsarin raba daidai a sashe na 14 na tsarin mulki, da hukumar da aka kafa a 1996 don lura da shi. Faransa ta bi wata hanya daban, dokarta ta taƙaita tattara alƙaluman ƙabila da launin fata ƙwarai, don haka mai ƙorafi a can yakan rasa lambar da zai kafa hujja da ita.

Shin ware gurabe ga kowace al'umma yana aiki?

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Ireland ta Arewa. A ƙarshen shekarun 1990 mabiya ɗariƙar Katolika sun haura kashi 40 cikin 100 na jama'a, amma kusan kashi 8 ne kawai a cikin 'yan sanda. Bisa shawarar kwamitin Chris Patten na 1999, an canja wa rundunar suna da tambari a 2001, aka kuma yi dokar cewa rabin sababbin kurata su zama Katolika. Abin lura shi ne sai mutum ya ci jarrabawa tukuna, daga cikin waɗanda suka ci ake rabawa. Kafin a dakatar da tsarin a 2011, adadin ya kai kusan kashi 30. An yi masa ƙorafi sosai, musamman daga waɗanda suka ci amma ba a ɗauke su ba, kuma ƙorafin nasu ba na banza ba ne.

Tsarin yana lalacewa ne idan gurbin ƙaramar hukuma ya koma na ɗan siyasarta, ko aka cika ƙasa da kowace ƙabila amma manyan kujeru suka tsaya a hannun 'yan wuri ɗaya. Mai son sanin gaskiya ya duba jerin ƙarin girma, da jerin waɗanda ake ladabtarwa, da waɗanda ke ajiye aikin tun ba su yi nisa ba.

Idan aka cakuɗa ƙabilu, zalunci zai ƙare?

Ba dole ba. 'Yan sanda biyar da suka yi wa Tyre Nichols dukan da ya zama ajalinsa a Memphis a Janairun 2023 baƙaƙe ne kamarsa. Kurtu yakan ɗauki halin sashen da aka jefa shi, ko daga ina ya fito.

Ina rahotannin kwamitocin bincike ke ƙarewa?

Da yawansu a durowa, sai in an ɗora wa wani ofishi alhakin dawowa ya ƙirga abin da aka aiwatar. Bayan rahoton Macpherson, gwamnatin Birtaniya ta ce kafin 2009 kashi 7 cikin 100 na 'yan sandan Ingila da Wales su zama daga tsirarun ƙabilu. Wa'adin ya cika ba a kai ba. A 2021 kwamitin harkokin cikin gida na majalisar ƙasar ya sake ɗauko rahoton, shekara 22 bayan fitarsa, ya tarar adadin bai wuce kusan kashi 8 ba, alhali ƙidayar wannan shekara ta nuna tsirarun sun kai kusan kashi 18 na jama'a. A Maris 2023 wani sabon bincike ƙarƙashin Louise Casey ya sake samun rundunar Landan da laifin da Macpherson ya faɗa, ya ƙara da raina mata da wasu nau'o'in wariya. Kwamishinan rundunar, Mark Rowley, ya amince da abubuwan da aka gano, amma ya ƙi yarda ya furta cewa wariyar ta cikin tsarin ce.